Abarshi Mai Rijiya da Ruwan Usaina

Duk wanda ya bi hanyar Gure zuwa Gidigir a shekarun nan, in dai ƙishirwa ta taɓa kama shi, ya san Abarshi. Ba don fara'a ba, a'a. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwa duk kanta, ga ido ɗaya da yake ƙanƙancewa in ana yi masa magana, kamar wanda ake tallata wa akuya marar lafiya. Ka ce masa ina kwana, sai ya leƙa bayanka tukuna ya ga wa ya aiko ka. Matarsa Habsu takan ce ko ita da ta shekara talatin a gidansa, in ta miƙa masa fura sai ya sansana kafin ya sha.

Sana'arsa ginin rijiya, gadon ubansa Barmo, wanda da sunansa ake kiran kwarin nasu. Kwarin Barmo ɗan wuri ne tsakanin tuddan rairayi, da goriba da dabino da ƴan lambunan rogo da albasa, gidajen ba su kai arba'in ba. Tun Abarshi na da shekara goma sha biyu ake zura shi rami da igiya a ƙugu. Ya gina rijiyoyi daga nan har Gamu, ya yashe waɗanda shi kansa bai san adadinsu ba, sau biyu rami na rufta masa ana tono shi da rai. Amma abin da ya fitar da sunansa harshensa ne. A kawo masa ruwa a ƙwarya, ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar, ya gaya maka rijiyar da aka ɗebo shi. Makiyaya sun sha gwada shi, su gauraya ruwan wuri biyu don su kunyata shi. Sai ya ce, "Wannan na Gamu ne da na bakin kasuwar Gure, kuma wanda ya haɗa su bai wanke hannu ba." Maganarsa a kan ruwa ba a musa ta. Taƙamarsa a duniya guda ce, wai tunda yake bai taɓa buɗe baki ya yi ƙarya a kan rijiya ba.

A gindin tudun gabas Barmo ya bar rijiyoyi biyu, taku ashirin tsakaninsu, ana ce musu Hasana da Usaina. Hasana ya fara ginawa, ya tsaya a gaba goma sha ɗaya, daidai inda ya tarar da wani baƙin yumɓu mai tauri. Ruwanta na kowa ne, da ɗan ɗanɗanon kanwa, in damana ta yi kyau ya ƙaru, in ta yi gardama ya ja baya. A Usaina kuwa Barmo ya yi taurin kai ya huda yumɓun, wata biyu yana fama da dagi a kan gaba ɗaya tak. Ran da ya fasa, ruwa ya taso da ƙarfi har sai da aka fizge shi da igiya. Ruwa ne garau, mai sanyin da ke kama haƙori, in ya zauna a ƙwarya sai ka ga ƴan ƙananan kumfa sun manne a gefe. Damana ba ta ƙara shi, fari ba ya rage shi. Ɗiba kaɗai ke rage shi, kuma abin da aka ɗiba ba ya komowa. Barmo ya yi tsagi a jikin itacen ɗaurin rijiyar daidai fuskar ruwa, ya duba har ya bar duniya, Abarshi ya ci gaba da dubawa. A shekara hamsin ruwan ya sauka taƙi biyu, bai taɓa hawa ko da faɗin farce ba.

"Wannan ba ruwan damana ba ne," in ji Barmo ga ɗansa tun yana saurayi. "Tsohon ruwa ne. Abin da ka ja, ya tafi ke nan."

Shi ya sa Usaina kullum a rufe take. A jera gumagumen goriba a bakinta, a shimfiɗa kaba, a zuba rairayi, a ɗora ƙaya. Ba a buɗe ta sai Hasana ta gaza, kuma ba a jan ruwanta da sa ko raƙumi, sai da hannu. Baƙo in ya gan ta sai ya ɗauka matacciya ce. A babban farin shekarar saba'in da uku, da Hasana ta koma taɓo, Usaina ce ta riƙe mutanen kwarin wata tara, da su da ƴan awakin da suka rage.

Bayan farin nan motocin gwamnati suka yawaita a daji. Yero, wani makiyayi da ke shayar da shanunsa a Hasana kowane rani, ya ba Abarshi labarin wani kwari can arewa. Wai wasu masu wando suka zo suka ɗebi ruwa a kwalabe, suka yi godiya, suka tafi. Shekara na zagayowa sai ga kamiyo, wato babbar mota, ɗauke da ƙarafa, aka huda ƙasa, aka kafa moter mai jan ruwa. Dabbobin duniya suka taru a wurin suka cinye ciyawa har saiwa, rijiyoyin masu gari suka ƙafe.

"Daga kwalba ake farawa, Abarshi," in ji Yero.

Abarshi ya adana maganar.

Sai ga shi a ranin saba'in da shida, wata Talata da hantsi, mota ta gangaro kwarin. Wani dogo ya fito, da wando da taguwa da tabarau, Hausar bakinsa ta Damagaram tsantsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Bulama Aisami, mai garin. Ya ce sunansa Alhasan, ya yi karatun duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙasar Nasara, yanzu yana aiki da biron ruwa, wato ofishin gwamnati mai kula da ruwa. Durƙuson nan shi ya fara ɓata wa Abarshi rai. A ganinsa ɗan lakwal, wato ɗan boko, da ya iya gaisuwa haka, lalle da abin da yake so.

Bulama ya ce, "In maganar ruwa ce, ga mai ita nan zaune."

Alhasan ya juyo ya sake gaisuwa, ya ciro wata takarda da ta yi jawur don tsufa. "Baba, takardar nan ta zamanin Nasara ce. Ta ce a kwarin nan akwai rijiyar da ta huda yumɓu. Ita nake nema."

"Ka yi me da ita?"

"In ɗebi ruwa kaɗan, bai kai cikin ludayi ba, in tambaye shi shekarunsa."

"Shekarunsa," in ji Abarshi, ido ya ƙanƙance. "To. Shi ruwan ne zai gaya maka?"

Mutane suka yi dariya, Alhasan ma ya taya su. Sannan ya yi bayani a hankali. Ya ce ruwan sama in ya sauka yana nitsewa cikin ƙasa, yakan haɗiyi iska kaɗan ya tafi da ita. A cikin iskar akwai wasu iri da ba su ruɓewa, ba su haɗuwa da komai, yadda suka shiga haka suke zama ko shekara nawa aka yi. Ruwa mai sanyi ya fi mai zafi haɗiyar su, saboda haka in an auna yawansu za a san sanyin ƙasar ran da ruwan ya sauka. Akwai kuma wata irin da duwatsu ke tsattsafo wa ruwa kaɗan-kaɗan, yawanta shi ke nuna daɗewarsa a ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne, kada iskar yau ta taɓa ruwan kafin ya isa ɗakin gwaji.

Ya buɗe akwati ya nuna abin da yake ɗiba da shi. Ba kwalba ba ce. Bututu ne na jan ƙarfe, tsawon kamu, kaurin ɗan yatsa, da matsai na ƙarfe a baki biyu da ake ƙulle su da kile, wato sifana. Abarshi ya juya shi a hannu. A zuba ruwan mutane a ƙarfe, a matse shi baki biyu, a rubuta masa suna da rana, a kai shi inda ba wanda ya sani! Ko boka iyakar abin da zai yi ke nan. Masu kwalba ma sun ƙafar da gari, ina ga mai ƙarfe? Nan take ya gama lissafinsa. In mutanen nan suka ɗanɗani Usaina ba za su bar ta ba. A ba su mai kanwa, su yamutse fuska, su nufi wani wuri da kamiyonsu.

Suka taka zuwa gindin tudu. Mata na jan ruwa a Hasana, cikinsu har da Habsu.

"Wacce ce, Baba?" in ji Alhasan.

Abarshi bai buɗe baki ba. Haɓa ya ɗaga wajen Hasana.

Alhasan ya zura ma'auni har ya taɓa ƙasa, ya duba, ya duba takarda. "Ta ce wajen metir ashirin. Ya yi daidai." Sai idonsa ya kai kan tulin ƙayar da ke gefe. "Waccan fa?"

"Rufe take."

"Ta mutu ke nan?"

"Ka gan ta dai."

Matan suka sunkuyar da kai, kowacce ta shagala da gugarta. Ba wadda za ta gyara wa Abarshi magana a bakin rijiyar ubansa, gaban baƙo. Alhasan ya zura tiyo har gindin rijiya, ya haɗa da ɗan famfo, ya bar ruwa na bi ta cikin bututun yana zuba a ƙasa. Yana yi yana ƙwanƙwasa ƙarfen da kile don kumfa ta fita, har rana ta take tsaka, gumi ya jiƙa masa taguwa. Sai da ya gamsu ya matse baki biyu. Haka ya yi sau uku. Da zai tafi ya ba Abarshi goro, Abarshi ya karɓa da hannu biyu, mota na juya baya ya miƙa wa Bulama.

Da azahar Habsu ta ajiye masa fura, ta tsaya a kansa.

"Malam, yau ka yi ƙarya."

"Me na ce?"

"Ba ka ce ba. Ka nuna."

"Haɓata ce, na ɗaga ta. Ko ita ma sai na nemi izini?"

"To Allah ya kyauta. Ranar gobe ita ma za a ba ta baki ta yi magana."

Ya yi tsaki ya jawo ƙwarya. Gaskiya maganar ta soke shi, amma daɗin dabararsa ya fi. Shekara guda da rabi yana jin kansa. In ya wuce ta gefen Usaina har wani murmushi yake yi, shi da ba a san shi da murmushi ba.

Bayan kakar saba'in da bakwai motar ta komo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Bulama, gari ya taru, mata na leƙe ta bayan danga. Alhasan ya ce sakamako ya fito. Ruwan yaro ne, bai fi shekara ashirin a ƙasa ba, kuma ƙasar da ya sauka a kanta mai zafi ce irin ta yau.

Abarshi ya gane nan take. Ai wannan Hasana ce aka siffanta, ba ragi ba ƙari. Ashe ƙarfen nan da gaske yana da harshe.

"Ni kaina na yi mamaki," in ji Alhasan. "Ruwan da ke ƙarƙashin yumɓu ban zaci zai fito haka ba. Na ce ko iska ce ta shiga, amma bututu uku bakinsu ɗaya." Ya dubi Abarshi ta saman tabarau, kallon ya ɗan daɗe. "Baba, ita ce dai, ko?"

"Abin da ka ɗiba shi ka gwada," in ji Abarshi.

Bulama ya gyara zama. "To, Malam Alhasan, mu da ba mu yi lakwal ba, mene ne amfanin wannan?"

"Ranka ya daɗe, alheri ne. Tunda damana na mayar da ruwan da ke ƙarƙashin yumɓu, ba laifi a ja shi da ƙarfi. Haka na rubuta, biro kuma ya yarda. Da rani kamiyo zai zo a huda, a kafa muku moter."

Wata ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Maza suka ɗauki alhamdu lillahi. Abarshi kuwa ya juya ga Alhasan.

"Da ya fito tsoho fa?"

"Da na rubuta kada a kuskura," in ji Alhasan. "Tsohon ruwa ba a sa masa moter, Baba. Abin da ka ja, ya tafi ke nan."

Innalillahi! Maganar Barmo ce, kalma da kalma, a bakin ɗan lakwal mai tabarau. Abarshi ya tashi ko sallama bai yi ba. A gida Habsu ta yi masa wani kallo da ya fi zagi ciwo. Ya zauna a gindin rumbu ya kasa cin abinci. In ya yi shiru, moter zai shanye Usaina. In ya yi magana, sunan da ya shekara sittin yana ginawa ya rushe a gaban mata da ƴaƴa. Tsoro ya ji, da kunya, da haushin kansa, duk a haɗe.

Ana idar da sallar la'asar ya kama hannun taguwar Alhasan a ƙofar masallaci. "Zo."

Jama'a suka biyo su har gindin tudu. Abarshi ya sa hannu ya janye ƙaya, tana yagar masa fata bai kula ba. Ya share rairayi, ya yaye kaba, ya mirgine gumagumai shi kaɗai. Ya zura guga, ya jawo, ya cika ƙwarya ya miƙa.

"Sha."

Alhasan ya kurɓa. Ya tsaya. Ya dubi ƴan kumfan da suka manne a gefen ƙwarya, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Wannan ce ta huda yumɓu," in ji Abarshi da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Waccan ba ta huda ba. Ƙarya na yi maka."

"Don me, Baba?"

"Na ɗauka in kun ɗanɗana ta za ku kawo moter."

Alhasan ya yi wata dariya marar daɗi. Ransa ya ɓaci. "Takardar ta bar hannuna wata huɗu ke nan, da sunana a ƙasanta. Na tambaye ka a bakin rijiya, na sake tambayarka ɗazu. Haba, Baba! Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Ka cika gaisuwa ne."

Ba wanda ya yi dariya. Alhasan ya ɗauko akwatinsa, ya zura tiyo a Usaina, ya cika bututu huɗu kafin rana ta faɗi. Ya ce na'urar da ke buɗe su tana ƙetaren teku, kuma layi ake bi, sakamako zai ɗauki shekara ko fiye. Amma zai rubuta wa biro tun gobe a dakata.

To, daga nan zargi ya juya ya fuskanci mai shi. Mutanen kwarin sun san Usaina ce ta huda yumɓu, wannan ba gardama. Amma maganar wai ruwanta ba ya komowa, wa ya gani? Abarshi kaɗai ke sauka ya duba tsagin nan. Aka fara ƙus-ƙus a bakin masallaci. Wasu suka ce tsohon na tsoron moter ya kashe masa sana'a. Wasu suka ce ya saba sai da yardarsa ake buɗe Usaina, ba ya son mulkin ya kuɓuce. Bulama Aisami ya kira shi gefe ya ce, "Abarshi, ni da kai tare muka tashi. Bara ka nuna waccan, bana ka nuna wannan. Dubi tafin hannun matanmu, dubi na Habsu. Ka bar mutane su huta."

Amsar biro ta zo wa Alhasan gajeriya. Bututu uku da ɗakin gwaji sun ce kaza, wani tsoho ya ce kaza, an riga an tsara aikin kamiyo, in sabon sakamako ya fito a duba. Abarshi ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi Gure da kansa. Kwana biyu yana zaune a inuwar bangon biro kafin a shigar da shi. Babban wurin ya saurare shi har ƙarshe, ba wulaƙanci.

"Kai ne ka nuna masa rijiyar farko?"

"Ni ne."

"Kai ne kuma ka nuna masa ta biyu?"

"Ni ne."

"Kuma sana'arka ginin rijiya."

Mutumin ya jingina da kujera, ya ƙanƙance ido ɗaya yana dubansa. Abarshi ya gane kallon sarai, don shekara da shekaru shi yake yi wa mutane. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kamiyo ya zo a ranin saba'in da takwas. Kwana goma sha biyu suna hudawa, taku ɗari biyu daga tagwayen, suka wuce yumɓun da ya ci wa Barmo wata biyu kafin a gama shan shayi. Aka kafa moter, aka zuba masa gazuwal, ya yi tari ya kama. Ruwa ya feso daga tiyo mai kaurin cinya, garau, mai sanyin da ke kama haƙori. Aka kawo wa Abarshi a ƙwarya don a ji ta bakinsa. Bai kurɓa ba, kumfan da ke gefen ƙwarya sun ishe shi.

Kar ka so ka ga kwarin a wannan rani. Garake daga gabas, garake daga arewa, kukan raƙuma da ƙugin moter tun safe har yamma. Yero, wanda da bakinsa ya ce daga kwalba ake farawa, shi ne na uku a layi da shanunsa. Da suka haɗa ido da Abarshi ya ce, "To ya zan yi? Shanu ba su san labari ba."

Kowace Juma'a bayan an sauko, Abarshi kan janye ƙaya, ya ɗaga gungume ɗaya, ya zura igiya mai ƙulle-ƙulle da dutse a bakinta. A watan farko ruwan ya sauka taƙi biyu, abin da ya ci shekara hamsin a hannunsa da na ubansa. Ya kai igiyar ƙofar Bulama ya nuna jiƙon. Aka ce Allah ya sawwaƙe, aka ci gaba da hira. Wata na uku ya sauka gaba guda, wata na bakwai gaba uku. Ya daina kai igiyar ko'ina. In ya wuce da ita a kafaɗa sai ka ji ana cewa ga tsoho da igiyarsa. Habsu kaɗai ke tambayarsa nawa yau, ita da a da ba ta raga masa, yanzu sai ta ce, "Sannu, Malam," ta ɗauke kai.

Alhasan ya komo gab da damanar saba'in da tara, ya rame, tabarau ɗaure da zare a gefe ɗaya. Bai nufi ƙofar Bulama ba, gidan Abarshi ya yi sallama. Suka zauna a tabarma ɗaya.

"Ya fito, Baba. Ya haura shekara dubu goma sha biyar. Ran da ruwan nan ya sauka ƙasar nan ta fi yau sanyi nesa ba kusa ba. Kai da mahaifinka kun yi gaskiya." Ya ciro wata takarda mai hatimi. "Na yi ta fama da su har sun yarda. Daga yau moter awa biyu zai riƙa yi da safe, don sha kawai."

Abarshi ya dubi takardar, ya dubi mai ita. A karon farko idonsa bai ƙanƙance ba. Ya ɗauki guga ya ce, "Zo."

A gindin tudu ya janye ƙaya kamar kullum, ya ɗaga gungume, ya saki guga. Igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya. Can ƙasa aka ji wani ƙara busasshe, tim. Ya jawo. Baƙin taɓo ne a gindin gugar, da wani mataccen ƙwaro.

"Juma'a uku ke nan," in ji shi.

Alhasan ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce ruwan yana nan can ƙasa inda bakin moter ke kaiwa, amma ƙarfin da ke tura shi sama ya ragu.

"In an kashe moter ɗungurungum fa?"

"Zai ɗan motsa. Ba zai komo inda tsagin yake ba, Baba. Ba a zamaninmu ba."

Abarshi ya gyaɗa kai, don ya riga ya sani. Ya mayar da gungume, ya shimfiɗa kaba, ya zuba rairayi, ya ɗora ƙaya, yadda Barmo ya koya masa. Hawaye ya zubo masa, bai ɓoye ba. Alhasan ya je mota ya komo da abu nannaɗe a tsumma. Bututun jan ƙarfe ne, matse baki biyu, da rubutu a jiki.

"Huɗu na ɗiba ran nan. Uku aka buɗe. Wannan naka ne."

Abarshi ya karɓa. Ya kai shi kunne ya girgiza. Shiru.

"Ba komai a ciki."

"Cike yake. Ba iska ko kaɗan, shi ya sa ba ya motsi. Yadda ya fito daga Usaina haka yake."

Daga ranar abubuwa biyu suka canja a Abarshi. Makiyaya in sun kawo masa ƙwarya don gwaji sai ya ce su sha abinsu, shi ya bari. Kuma ko hanya ka tambaye shi, ba ya ƙara nuna maka da haɓa. Zai buɗe baki ya faɗa, ya miƙa hannu gaba ɗaya, ya sake maimaitawa har ka gaji.

Bututun kuwa ya rataye shi a ɗakinsa, kusa da tsohon dagin Barmo. Wata rana da zafin bazara ya tsananta, Habsu ta same shi zaune ya ɗora shi a cinya yana goge shi da bakin riga. Tausayinsa ya kama ta.

"Malam, ko a samo kile a buɗe maka, ka ɗan kurɓa? Ko maƙogwaronka ya tuna."

Ya gama gogewa, ya miƙe a hankali ya mayar da shi inda yake.

"A'a," in ji shi. "Rufe yake."